Abin da Haƙorin Makka Ya Rufe

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har na ji wasu na tambayar ko ina raye. Ina raye. Bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Wanda ya san ni ya san hular azurfar da ke kan haƙorina na gefen hagu. A Makka aka sa mini ita, shekarar da na sauke farali, ina mataimakin shugaban makarantar sakandare, lokacin da malami yake mutum. Mota ta tafi, filina na Tukur-Tukur ya tafi, fansho kuwa kun san labarinsa. Haƙorin nan kaɗai ya rage mini daga wancan zamani.

Bayan ƙaramar salla ciwon ya fara. In ruwan randa ya taɓa shi sai in ji kamar an soka mini allura har cikin ido. Wata rana ina cin tuwo hular ta faɗo a tafin hannuna. Abin da ke ƙarƙashinta baƙi ne, yana wari.

A unguwarmu cikin birni, duk abin azurfa da ya saki wurin Malam Isa maƙeri ake kai shi. Zobe, awarwaro, har haƙorin Makka. Abokina ne tun muna yara. Ya matse bakin hular, ya goge ta ta yi ƙyalli, ya ce in cusa garin kanumfari a ramin in mayar, ai alhazai da yawa ya yi wa haka. Na mayar. Ta kama gam.

Ashe wuta na rufe da murfi.

Kunci ya kumbura, ido ya fara shigewa. Zazzaɓi ya zo. Ko cokalin kamu ba ya shiga sai ta gefe. Sujada ta zama azaba, don da na sunkuya sai jini ya taru a wurin yana bugawa. Na koma yin salla a zaune. Ni da na yi shekaru ina magana gaban aji, na koma nuna abu da yatsa.

Maiɗakina Hajiya Ladidi ta gaji da roƙo, ta kira 'yarmu da ke aure a Gyallesu, suka sa ni a Keke Napep kamar buhun masara.

A asibiti aka yanki kati, aka zauna a benci tun hantsi har bayan azahar, aka ɗauki hoton haƙori. Likitar ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta ɗaga hoton ta nuna mini wani duhu a gindin saiwa, ta ce mugunya ce, kuma irin wannan in ta gangara wuya tana iya toshe numfashi.

Na tambaye ta ta cikin haƙora ko za a bar mini hular.

"Baba, hular ba za ta koma ba. Haƙorin muke ƙoƙarin ceta, kuma ban yi maka alkawari ba."

Ta ce hanya biyu ce. Ko a cire shi, wanda ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ko a kashe jijiya, a wanke cikin saiwar a cike, sannan a yi masa sabuwar hula. Kuɗin na biyun ya fi fanshona na wata, in ma ya zo.

Na ce a cire kawai, dama komai an cire. 'Yata ta juya baya tana share ido. Hajiya ta ce wa likita kada ta saurare ni, ciwo ne ke magana, tunkiyar da take kiwo don layya tana nan.

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Aka tsaga wurin, aka fitar da mugunya, aka ba ni magani har kumburin ya sauka. Sannan aka fara zirga-zirga. Allurar kashe zafi, ƙarar inji a cikin ƙwaƙwalwa, ƙananan tsinkaye ana zura su cikin saiwa. Wata rana mu je babu wuta, mu dawo. Kullum na hau kujerar nan sai in jira ta ce ya ƙi, sai cirewa.

Haƙorin da ke kusa da shi ma ya tsage, ta ce shi ma yana son hula. Na ce wata jijiyar kuma? Ta ce a'a. Ba kowace hula ce ke buƙatar kashe jijiya ba. Wannan jijiyarsa lafiya lau take, hula kawai za a ɗora. Wancan ruɓa ce ta ci har ta isa jijiya, kuma da na zo ranar da hular ta faɗo, mai yiwuwa da ba a kai ga haka ba.

Haƙorin nan na Makka ya tsira. An sa masa farar hula, ba ka bambanta ta da sauran.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, da 'yata, da Hajiya wadda ta yi layyar bana a bakina. Malam Isa ya zo dubiya da lemo, bai iya haɗa ido da ni ba. Ban riƙe shi ba, abin da ya gada ya yi.

Alhazai da hajiyoyi, in hularku ta fara motsi, ko wari, ko ruwan sanyi na sa ku zabura, kada ku mayar da ita da kanku. A je a ɗauki hoto. Kanumfari yana kwantar da zafi ne, ba ya hana ruɓa. In kuma kunci ya kumbura da zazzaɓi, ranar za a tafi, ba gobe ba.

Da muka dawo gida na duba madubi na ce wa Hajiya yanzu babu mai sanin na je Makka. Ta miƙo mini moɗa cike da ruwan randa.

"Wanda ka je dominSa ya sani, Alhaji. Sha mu gani."

Na shanye tas. Ban ji komai ba sai sanyi.