Keken da Kawu Ottorino ya hana sunansa

Kawuna Ottorino ya tsufa yana ƙera kekunan tsere a bayan gidansa, a ƙauyenmu kusa da Treviso, a Italiya. Gajere ne, hannuwansa duk tabon wuta. Duk keken da ya gama, da kansa yake rubuta sunansa a jiki da jan fenti. Idan aiki bai kwanta masa ba, ba ya sa suna, ba ya kuma barin keken ya fita. Babu wanda ya raina kamar makanikin da ke cusa yankin gwangwanin tumatir inda ƙarfe ya yi sako-sako. "Masu miyar tumatir" yake kiransu.

Shekarar da na dawo daga karatu a Osaka ta Japan, na kawo masa tsarabar kofunan wuyan keke, ƙarafan nan biyu da ake dannawa sama da ƙasan bututun wuya, boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfe, yana juyawa a cikinsu. Lokacin yana ƙera wa Gelindo keke, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya ajiye gashin burodi a bara. Kawu ya kai kofunan gidan shan kofi, kowa ya taɓa.

"Gelindo," in ji shi, "wuyan kekenka zai fi naka laushi."

Ranar da zai yashe cikin bututun don kofunan su samu wurin zama, ina tsaye. Na ce, "Kawu, awon Japan ya ɗan bambanta da namu. Ko a auna?"

"Inci ɗaya dai inci ɗaya ne, 'yar nan, ko a sama."

Ya ɗauko mayashin da ya gada wurin mahaifinsa, ƙarfen da ake faɗaɗa cikin bututu da shi, ya zuba mai, ya murza kamar kullum. Kofin wuya sai an danna shi da ƙarfi yake shiga. Wannan kuwa da yatsa ya zurma, har yana ƙwal-ƙwal. Ratar ba ta wuce kaurin gashi ba, amma ƙarfen an riga an yashe shi. Kawu ya daɗe yana kallo. Kunnuwansa suka yi ja.

Yana da kofunan Italiya cike da akwati, da sun zauna daram. Sai dai duk ƙauye ya ga na Japan a hannunsa. Washegari na ga gwangwanin tumatir a ƙarƙashin teburinsa, an yanke masa gefe. Ya ga na gani.

A karon farko, kawu ya bar keke ya fita babu suna. Ranar Lahadi mahaya keke suka taru gaban coci. Gelindo ya zagaya sabon kekensa, shuɗi, yana ƙyalli, sai ya tsaya.

"Kai tsoho, ina sunan? Fenti ya ƙare, ko hannu ya fara rawa?"

"Hau ka tafi, sarkin surutu."

Keken ya yi tafiya lafiya, abin da ya ƙara dagula wa kawu rai ke nan. Gelindo ya riƙa yabonsa ko'ina, yana cewa Ottorino bai taɓa yin irinsa ba. Kawu ya daina zuwa shan kofi. Idan ya hango shuɗin keke a hanya, sai ya shige gida. Matarsa ta ce ko polenta, tuwon masarar da yake so, juya ta kawai yake yi a faranti.

Wata safiya ya ce in raka shi gidan Gelindo. Muka same shi yana goge keken.

"Ba ni shi," in ji kawu.

"Me ya yi?"

"Akwai gwangwani a wuyansa."

Gelindo ya dube shi, ya dubi keken. "Kai? Ottorino? Na wane kamfani? In dai tumatir mai kyau ne, a bar min kayana."

"Kada ka yi dariya, Gelindo."

Gelindo ya haɗiye dariyar da ƙyar. "To, babu wanda ya sani. Rubuta sunanka a wuce wurin."

"Ni na sani."

Kawu ya tura keken har gida, bai hau ba, mutane suna kallo. Ya kunna wuta, shuɗin fentin ya ƙone, ya zare bututun wuyan, ya haɗa sabo da tagulla. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Nawa ne awon nasu?"

"Milimita talatin cif. Namu talatin da ɗigo biyu."

Mayashin da ya dace sai a Padova ake samu, wurin wani maƙeri da kawu ya sha yi wa ba'a. Da kansa ya je aro, da hularsa a hannu. Kofunan suka shiga da ƙyar, yadda ake so.

Ya rubuta sunansa da jan fenti, ƙanana fiye da yadda ya saba. Ranar da ya koma shan kofi, ya tarar da gwangwanin tumatir a kan kujerarsa. Ya ɗauke shi, ya ajiye a kan tebur, ya zauna.