Uku Ne Ya Fito, Ba Tara Ba

A wannan watan abokina Davou ya cika shekara shida a ƙasa. Ni ba marubuci ba ne, aski nake yi a unguwar Congo-Russia a nan Jos. Makaranta ma tun a aji biyar na sakandare muka yi hannun riga, ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba. Amma akwai wata ƙarya da na yi masa, har na rantse a kanta, ya tafi ban warware ba. Shekara shida tana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi. Tunda ba ni da lambar da zan kira shi, bari in faɗa a jarida kowa ya ji.

Sai na fara gaya muku wasan, in ba haka ba za ku ce a kan lido nake wannan dogon Turanci. Davou sikila ne. Rabin rayuwarsa a gadon asibiti ya yi ta, waya a hannu, a can ya ci karo da wani wasa da Turawa ke yi a kan tebur. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ƙirƙiri jarumi ya zama shi. In jaruminka zai yi abu mai haɗari, ya tsallake rami ko ya sari dodo, ba bakinka ne zai yanke ba, sai an jefa dayis. Ba mu da irin nasu, sai muka sace guda biyu daga lidon ƙanwarsa. Bakwai zuwa sama ka tsira, ƙasa da haka sai haƙuri. Davou ya cika wani tsohon littafin makaranta da dokoki, shi ya sa muke ce masa Barista. Ni aka ɗora wa ba da labari, don Allah ya hore mini baki. Ogana ya sha cewa da da surutu ake aski, da tuni na sayi shagon.

Ran Lahadi oga ba ya buɗewa. In an taso daga coci sai mu haɗu a shagon mu huɗu, ni da Davou da Ladi mai ɗinki da Isiyaku ɗan keke. Ina kafa kwalin taliya a gabana, a bayansa nake jefa nawa dayis ɗin don kar su ga abin da ke zuwa. Duniyar labarin ma ba nesa na kai ta ba. Duwatsun nan namu ne, da tsoffin ramukan kuza da ruwa ya cika ta wajen Rayfield, na zuba musu aljanu.

Tun farko akwai inda ba mu jitu ba. Ni so nake labari ya yi daɗi ko ta halin ƙaƙa, shi kuma so yake kowa ya samu daidai da na kowa. Ladi ta ɗauki bokanya mai kiran tsawa, sati uku tana ƙone duk dodon da na kawo kafin Isiyaku ya zare takobi. Ni ko a jikina, don tsawa na da daɗin bayarwa, har kwano nake bugawa. Davou ya ce Isiyaku ya koma ɗan kallo, a mayar da tsawar sau ɗaya a zama. Na ce Barista, tatsuniya ce fa, ba kotu ba. Ya ce in mai labari ne zai zaɓi wanda zai ci, mu tashi mu je kallon fim. Nasa jarumin ma bai ƙyale ba. Wani ƙato ne da ya raɗa wa Katafila, amma da hannunsa ya rubuta cewa Katafila bai iya ruwa ba. Yaro kamar sillen kara yana wasa da ƙato mai ɗaga dutse. In ya yi muryar Katafila sai tari ya sarƙe shi, mu yi ta dariya, shi ma yana yi.

A wata damina mai sanyi ciwon ya kwantar da shi sati uku. Ya fito ido rawaya, rigar sanyi biyu a jiki, ya ce a buɗe shago a yi wasa. Labari ya kai su bakin ramin kuza, Katafila ya zame ya faɗa ruwa. A dokar Davou, wanda ya nutse mai labari ne ke jefa masa. Na jefa a bayan kwali. Ɗaya da biyu. Na kalli dayis, na kalli bayan hannunsa, filastar ƙarin ruwa ma ba a cire ba. Sai na kife tafina a kai na ce tara. Na zuba labari yadda Katafila ya cafki saiwar bishiya ya fito yana aman ruwa da kwaɗi. Ladi na tafi, Isiyaku na buga benci. Ban taɓa ba da labari mai daɗin na ranar ba.

Davou bai yi dariya ba. Ya ce, "Sabo, ɗaga kwalin."

Na ce na riga na kwashe.

"Nawa ya fito?"

"Tara, Barista. Ko kunnen ma sikila ne?"

"Rantse."

Na ce wallahi. Allah ya yafe mini, na ce wallahi. Ya rufe littafinsa ya miƙe. Na raka shi bakin titi, muna jiran keke yake gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba. A filin ƙwallo in ya buga, gola da gangan yake faɗuwa ɗaya gefen. A gida ba a aikensa. A makaranta bulala kan tsallake shi ta sauka a kan na kusa. Ya ce, "Dayis ne kaɗai bai san ni sikila ba ne. Ga shi yau shi ma ka je ka gaya masa."

Wata guda bai zo ba. Da ya dawo, da farantin mamansa ya zo, ya ce daga yau a ciki za a riƙa jefawa kowa na gani. Bai sake taɓa Katafila ba, wai ya mutu a ruwa, wanda ke yawo fatalwa ce. Sau biyu ya sake tambayata, sau biyu na ce tara. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa sai da ya fi abokina tsawon rai, don damina na zagayowa ya rasu.

Yanzu shagon a hannuna yake. Ladi ta yi aure a Lafiya, Isiyaku ya bi manyan motoci, sai dai gaisuwar sallah a waya. Ran Lahadi ni ma ba na buɗewa, amma ina zuwa in zauna, ni da kujerar aski. Na gwada koya wa samarin layinmu wasan, suka ce yaushe za su zauna jiran dayis alhali waya na nan. Ɗayansu ya saka mini wata manhaja mai ba da labari, ka rubuta abin da jaruminka zai yi ta ci gaba. Ta fi ni Turanci, ba ta gajiya, ba ta neman ruwan sha. Na ce jarumina ya faɗa rami. Ta fito da shi. Na sake jefa shi, ta kawo tsuntsu ya ɗauke shi. A na uku na rubuta cewa ya ɗaura dutse a wuya, ta ce igiyar ta tsinke. Sai na ji raina ya ɓaci, kamar an shafa kaina an ce yi shiru yaro. Na ajiye wayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa sau uku kawai ya ɗiga mini har na ji haushi. Da Davou na nan, na san tsaki zai ja ya ce an ƙera Sabo na roba.

Kar ku ɗauka na sallama masa duka. Har yau in na tuna fuskar Ladi ranar, sai in ce labari ma yana da haƙƙi, kuma ba kowace gaskiya ce ke da amfani ba. Ina kawo hujja ina rushewa ni kaɗai, don wanda zai ce mini ƙarya kake ba ya nan. Wannan shi ya fi ci mini rai. Gardama ba ta daɗi da mutum ɗaya.

Makon jiya na je unguwar Jos Jarawa gaida mamansa, kamar yadda nake yi duk shekara. Tana tsince acca a tsakar gida. Ban san abin da ya kama bakina ba, na kwashe duka na gaya mata, har da rantsuwar. Na zaci za ta ce wasan yara ne. Ba ta ɗago ba, ta ce ita ma shekara ashirin tana masa irinta. Likita ya faɗi magana, ta shiga ɗaki ta ce an ce da sauƙi. Babansa haka, fasto haka. Ta ce duk ya sani, sai ya yi murmushi ya ce to Mama, don kar hankalinta ya tashi.

Na ce to ni me ya sa ya yi wata guda ba ya mini magana?

Ta ce, "Ɗana, mu tausayinmu yake ji. Kai ne kawai bai ji tausayinka ba."

Na dawo a ƙafa ina juya maganar. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, littafin dokokin ma ruwa ya ci rabinsa. Abin da ya bari shi ne ni, mutumin da baki ne jarinsa, amma yanzu in kwastoma ya tambaya ko sanƙo ya fara, sai in ba shi madubi ya duba da kansa. A duk garin nan ni kaɗai ya ɗauka sa'ansa, wanda zai iya kallon idonsa ya ce ka faɗi. Ranar ban iya ba.

Uku ne, Barista. Ɗaya da biyu. Katafila ya nutse.