Fatun Katsina a Rumfar Kifi

Har yau ranar da muka isa bakin teku da marigayi Malam Sada ba ta fita raina ba. Shi ne mai tantance fata a sitonmu na Ƙofar Kaura, wato shi ke ware lamba ɗaya da lamba biyu da wadda ba ta da amfani. Ni mataimakinsa ne. A daminar bana Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa nake son ku matasan sito ku ji wannan.

A wancan lokacin busasshiyar fatar akuya muke ɗaurewa dami-dami, a kai ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Alhaji, mai sito, ya tura mu rakiyar mota guda. Muka tarar jirgi bai iso ba, aka sauke mu a wani ƙauyen masunta. Kafin mako ya cika, fata ta yi laushi, ta fara fumfuna. In ta ruɓe, dillalin da ke karɓar fatar a Legas ba zai sake sayen kayan Alhaji ba, mu ma aikinmu ya ƙare.

Malam ya ce a yi yadda muka saba a gida. Muka kwance damma, muka shanya a rana. Da yamma ta fi da safe laima.

Wata dattijuwa mai bandar kifi, wadda ta taɓa zama Funtuwa, ta tsaya tana dariya.

"Iya, mi ya faru?" in ji Malam.

"Malam, rigarka da ka wanke shekaranjiya ta bushe?"

Ya shafa rigar jikinsa, ya ce, "Wallahi da saura."

"To, ranarmu ta kallo ce. Kwaso kayanka."

Ta ba mu rumfarta, ta rage wuta sosai don kada fata ta ƙone, muka yi ta juyawa har ta yi ƙarau. Da dillali ya zo, ya lanƙwasa ɗaya, ya sansana, ya ce fata ta yi, amma me ya sa take ƙamshin kifi?

Malam bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, awakin Batagarawa ne. Ba abin da ba su ci."

Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki, ya karɓi kaya duka.

Abin da na koya shi ne, gwanintar fata a garinku take aiki. In kun sauka wani wuri, ku gaida mutanensa, ku tambaya. Malam ya fi kowa sanin fata a Katsina, amma ya durƙusa yana hura wuta yadda Iya ta ce. Allah ya jiƙansa.