Murhun da Ƙanin Miji Ya Kawo

Lorene Matula ta yi shekara ashirin da bakwai tana tuƙa motar 'yan makaranta a gundumarmu ta Fayette, nan tsakiyar Texas, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta makara ba. Gajeriyar mace ce mai kaurin hannu, ba ta da yawan dariya. Idan ka gaishe ta da fara'ar da ta wuce kima, sai ta tsaya ta dube ka, tana jira ta ji abin da kake so.

Mijinta Rudy shi ne mai haƙarƙari, haka kowa ya san shi. Duk Asabar ɗin farkon Oktoba, ranar da 'yan kwana-kwana na sa kai suke ciyar da gari, shi ke gasa haƙarƙarin sa a tsohon murhunsa na bulo. Ƙaninsa Emil, mai walda, yana can gefe da kaji. A wurinmu ba a tambayar sunan wanda ya gasa kaji.

Rudy ya rasu a watan Maris. Bayan wata biyu Lorene ta je wurin shugaban 'yan kwana-kwana, Delbert Hruska, ta ce ita za ta riƙe wurin mijinta. Ashe Emil ya riga ta zuwa da wannan maganar. Delbert ba ya son rigima, sai ya yanke cewa a Asabar ɗin ƙarshen Agusta kowannensu ya kawo gashinsa, mutum bakwai na kwamiti su ɗanɗana su zaɓa.

Lorene tana da matsala biyu. Murhun bulon ya tsage tun sanyin bara. Sannan ita ba ta taɓa kula da wuta ba, domin Rudy ba ya barin kowa kusa da murhunsa. Shekara talatin wake da dankali take dafawa. Ta san ɗanɗanon haƙarƙari mai kyau, amma ba ta san hanyar da ake bi a kai can ba.

Ana nan, wata safiya a watan Yuni, sai ga a-kori-kurar Emil ta shigo gidanta da baya-baya, tana jan sabon murhun banda. Tsohon tankin gas ne ya yanka ya kwantar, ya liƙa masa akwatin wuta a gefe ɗaya, bututun hayaki a ɗaya gefen, da agogon zafi a jikin marfi.

"Matar yaya, fito ki karɓi kaya!"

"Kayan wa?"

"Naki mana. Ko a kaskon soya ƙwai za ki gasa wa mutum ɗari uku?"

Ta zagaya murhun sau biyu ba ta taɓa shi ba. "Me kake so a kai?"

"Ko sisi."

"Ai shi ya sa na tambaya. Me kake so?"

Emil ya yi dariya, ya kwance murhun daga mota. Kafin ya tafi ya bar mata shawara uku: ta riƙa hura ƙaramar wuta, ta bar bututun hayaki a buɗe gaba ɗaya, ta kuma riƙe allurar agogon zafi a kan digiri ɗari biyu da saba'in da biyar.

"Wanda yake neman wurin zamanka ya shimfiɗa maka tabarma," in ji Lorene daga baya, "ai ɗaga ta za ka yi ka duba ƙasa."

Ta ɗaga kuwa. Ta shiga da tocila ta bi waldar nan layi-layi, ba ta ga huda ba. Da ba ta samu laifi a ƙarfe ba, sai ta ce to yana cikin shawarar. Saboda haka a gashinta na farko ta yi akasin abin da aka gaya mata. Ta cika akwatin wuta da manyan gumagumai, ta rufe bututu rabi. Farin hayaki mai kauri ya turnuƙe gidan har maƙwabta suka leƙo. Naman ya fito baƙi, da ɗaci kamar ka lashi toka.

A mako na biyu ta bi shawarar duka ukun, ba don ta yarda ba, sai don ta samu hujja. Hayakin ya gyaru, ya zama siriri, da ƙyar ake ganinsa. Allura ta zauna inda aka ce. Amma bayan awa takwas, haƙarƙarin da ke kusa da wuta ya ƙone, wanda ke can wajen bututu kuma yana nan da tauri kamar takalmi. A mako na uku ma haka.

Tun daga lokacin ta daina sayen nama a garinmu. Takan yi tafiyar mil ashirin zuwa wurin wani tsohon mahauci, Chuy Barrientes, don kada Emil ya ji yawan naman da ta ɓata. Chuy ne ya ce mata ta daina asarar nama, ta sayi burodi ta jera a kan ragar da ake ɗora nama, shi zai nuna mata inda zafi yake.

Ranar gwajin ta kira ni a ofishin jaridarmu ta mako. "Ka zo da kyamara," ta ce. "Shaida nake so, ba labari ba."

Na je. Ta hura wuta har allura ta hau ɗari biyu da saba'in da biyar, ta jera yankan burodi ashirin daga bakin wuta zuwa gindin bututu, ta ajiye ma'aunin zafi na tandar kicin ɗinta a tsakiyarsu, ta rufe. Bayan minti goma sha biyar ta buɗe. Huɗun da ke kusa da wuta sun yi baƙi. Na tsakiya sun yi ja. Shidan ƙarshe farare ne, sun dai bushe. Ma'aunin kicin kuma yana nuna ɗari biyu da talatin. Tsakaninsa da agogon Emil akwai arba'in da biyar.

Ta ajiye ma'aunin. Ta ɗauki waya.

Emil ya iso da kayan aiki a jikinsa. Ya dubi burodin, ya ɗauki ɗaya daga na tsakiya ya gatsa.

"Gashin burodi dai kin ƙware, matar yaya. In gaya wa Delbert a ba ki shi?"

"Ajiye min burodina. Agogonka maƙaryaci ne."

"Agogo a sama yake, zafi kuma sama yake hawa. Duk murhu haka yake. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba. Kuma ka san ban sani ba."

"To ai ba ki tambaya ba."

"Kai ka ce in riƙe allura a kan ɗari biyu da saba'in da biyar. Da bakinka, a nan wurin."

Emil ya sosa ƙeya, ya dube ni. "Kai kuma rubutawa kake yi?"

Na ce masa eh.

A makon na tambayi wasu masu walda biyu. Dukansu sun ce irin wannan bambancin ba sabon abu ba ne, kuma bakin wuta kullum ya fi zafi. Ɗayansu ya ƙara da cewa shi dai yakan sa agogo ƙasa-ƙasa, kamar tafin hannu ɗaya sama da raga. Na bi ta shagon Emil na dubi nasa murhun. Agogonsa a ƙasa yake. Iyakar abin da na gani ke nan.

Lorene ta liƙe fuskar agogon da baƙin salatif, ta koma kan abin da ta iya, wato kiyaye lokaci. Ta faskara itacenta sirara, kowanne kamar kaurin damtsenta, tana ɗora na gaba a kan akwatin wuta ya ɗumama kafin lokacinsa. Duk minti talatin da biyar ta jefa ɗaya. Ta ajiye kwanon ruwa a inda burodi ya ƙone. Ta juya kaurin haƙarƙarin ya fuskanci wuta. Ta lura idan iskar kudu ta taso wutar na cin itace da sauri, sai ta juya murhun ya ba iskar baya. Gishiri da masoro kawai take barbaɗawa. A Asabar ta biyar ta soka tsinke tsakanin ƙasusuwa, ya shige kamar cikin man shanu. Ba ta gaya wa kowa a garinmu ba, har ni. A wurin Chuy na ji.

Ranar ɗanɗano ta kafa sharuɗɗa. Ba suna a jikin faranti. Ita za ta ɗauki nata da hannunta har tebur, kafin 'yan kwamiti su shigo. Surukin Emil, wanda ke cikin kwamiti, shi zai ɗanɗana a ƙarshe don kada fuskarsa ta ja sauran. Delbert ya yarda da duka, yana share gumi.

Mutum huɗu suka zaɓi farantin hagu, uku suka zaɓi na dama. Na hagun na Lorene ne. Ba ta yi murmushi ba. Ta tambayi Delbert su wane ne ukun.

A waje na tarar da Emil yana naɗe wuƙaƙensa. Na tambaye shi dalilin da ya sa ya ƙera mata murhun tun farko.

"Da a kan tsagaggen bulo na kayar da ita, har in mutu ana cewa na ƙwace wa matar yayana wuri," ya ce. "Na so ta samu murhu mai kyau, sannan in kayar da ita."

"Agogon fa?"

Ya rufe ƙofar mota. "Gai da mutanen ofis."

A Asabar ɗin farkon Oktoba Lorene ta gasa haƙarƙari na mutum ɗari uku da ɗoriya, kuma kafin ƙarfe biyu ya ƙare. Da tsakar rana, layi ya kai bakin titi, Emil ya zo ya tsaya kusa da murhun.

"Matar yaya, tun asuba kike tsaye. Je ki ci abinci, zan kula miki da wutar."

Ta dube shi, ta dubi akwatin wutar, ta jawo kujera ta zauna a tsakaninsu.

"A kawo min abincin nan," ta ce.