Tauraron Bilki

Ranar wata Juma'a cikin watan Fabrairu, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka ɗauke wuta a unguwarmu Barkin Sale bayan sallar isha'i. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ina ɓare agushi a faranti, Baba kuwa dawowarsa ke nan daga Beji inda yake saro doya, ya ɗora ƙanwata Bilki a cinya. Sai ya nuna kudu, saman katangar maƙwabta, inda wani tauraro yake ƙyalli shi kaɗai can ƙasa-ƙasa, ya ce, "Kin ga wancan? Na ba ki, naki ne." Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Ga taurari fal sama, amma ni ko ɗan mitsitsi ba a ce ga nawa ba.

Ni ce 'yar fari, Baba kuma irin mutanen da ne masu tsananin alkunya. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan yarinyar". Ni ke ɗebo ruwa a famfon layinmu, ni ke shara, ni ke goyon ita Bilkin, amma tsarabar rake da ƙuli-ƙuli a hannunta ake damƙawa, sai ta ga dama ta gutsura min. Ja'irar kuwa ta samu abin yi. A makaranta ana tsakiyar 'yar gala-gala sai ta tsaya ta ce wa yara, "Ni ina da tauraro, Yaya ba ta da shi." Na sha yin fatan hadari ya rufe shi kowa ya huta. Na zaɓi wani na ce nawa ne, ta taɓe baki ta ce ai ba Baba ne ya ba ni ba. Gaskiyarta, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Kullum bayan an ci tuwo Baba zai ɗauke ta ya yi ta ba ta labari: yadda tauraron ba ya hawa tsakiyar sama irin na sauran, yadda yake ɓacewa in damina ta matso, yadda shi yake kallonsa daga bayan motar doya in duhu ya riske su a hanya. Ina gefe na juya musu baya, amma kunnuwana na wurinsu. Wata rana na kasa daurewa, na sami Mama a kicin na ce, "Wai ni tsinto ni kuka yi?" Ta yi dariya ta ce, "In ya fara labarin nan, ki leƙa fuskar Bilki." Na leƙa. Ashe yana farawa take ɓingirewa da barci. Yarinya na ta zuba masa miyau a riga, shi kuwa bai fasa ba, har ɗaga murya yake yi yadda za ta iso inda nake.

Na gane, amma kada ku ɗauka na huce. Ni na sha labari, ita ta hau cinya.

Yau benaye da fitilu sun tare mana kudu. Baba ya rasu, Bilki na aure a Chanchaga, da na tuna mata ma cewa ta yi, "Wane tauraro?" Ɗana na fari kuwa gatsau nake kiran sunansa, surukata na ta salati. Duk da haka kishin nan bai sake ni ba. Da Baba ya kira sunana ko sau ɗaya, da na bar mata saman gaba ɗaya.