Kwalbar da Farfesa Ya Buɗe

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana wankin kwalabe a ɗakin bincike na jami'a, hawa na biyu, ƙarshen baranda, inda famfo uku suke jere. Ba ta da digiri, sakandare ma da ƙyar ta ƙarasa bayan rasuwar mahaifinta. Amma duk ɗalibin da ya shigo yana hura hanci, kafin wata guda ya sauko ya koma kiranta Gwaggo, don ya gane aikinsa a hannunta yake.

Abin da suke nema a ɗakin shi ne iskar haidirojin, wadda ake ƙonawa a samu wuta ba hayaƙi. Abu biyu suke haɗawa a 'yar kwalba. Na farko wasu ƙwayoyi ne masu kama da lu'ulu'u, ƙanƙantarsu ta fi ƙarfin ido, su ke kama hasken rana. Na biyu inzayim ne, sinadarin da ake tatsowa daga jikin bakteriya, shi ke karɓar ƙarfin hasken ya fitar da haidirojin daga ruwa. Inzayim ɗin nan shagwaɓaɓɓe ne na gaske. Ɗigon sabulu ya isa ya ɓata aikin, iskar da muke shaƙa kuwa kashe shi take yi. Shi ya sa ake sarrafa shi a rufaffen akwatin gilashi ta cikin doguwar safar roba, shi ya sa kuma sabulu bai taɓa kusantar famfon Gwaggo ba. Da asid take wanki, ta ɗauraye sau bakwai da tataccen ruwa, ta busar a obin. Tafin hannunta ya yi kaushi, har mijinta, tsohon direban bas, yakan ce da shi ma za a iya kankare tsatsar mota.

Akwai wata ɗaliba da Gwaggo ke tsokana da Dakta-gobe. Wata tara ta yi tana renon bakteriya tana tace inzayim, har ta tara cikin kwalba guda. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti, Gwaggo ce ta kula mata da bakteriyar kwana shida, ba wanda ya sa ta.

Sai ga baƙi sun zo ganin aiki, da mai hoto a bayansu. Farfesa, shugaban ɗakin, wanda rabonsa da zura hannu a safar nan ya kai shekara goma, ya sha sabuwar farar riga ya shiga gaba yana zuba bayani. Mai hoto ya ce ƙananan kwalaben ba sa fitowa da kyau. Farfesa ya sa aka fito masa da babbar, ta wata taran nan. Mai hoto ya ce murfin yana ƙyalli. Farfesa kuwa ya murɗe murfin ya ajiye, ya ɗaga kwalbar saitin taga yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, iska!" in ji Gwaggo daga wajen famfo.

Ya watsa mata harara, baƙin suka yi dariya suka wuce. Dakta-gobe tana tsaye a gefensa, ta dafe ƙirji.

Washegari aka rarraba inzayim ɗin a ƙananan kwalabe goma sha biyu, aka haska musu fitila a madadin rana, ko kumfa ɗaya bai taso ba. Kuma don rashin tsoron Allah, mutumin nan ya zauna a ofishinsa ya rubuta rahoto cewa ragowar sabulu ce a jikin kwalabe. Sabulu! A famfon Gwaggo! Ranar da ta ga takardar ba ta iya cin abinci ba. Mijinta ya ce, "Haba uwargida, in sun kawo takardar amsa laifi ki sa musu hannu ki huta, wa ya taɓa ja da babba ya ci riba?" Ta ce, "Ni da me na tara a duniyar nan in ba sunana ba? Shi ma in miƙa masa ya goge hannu?"

Kwamiti ya zauna, mutum uku a bayan dogon tebur. Suka turo mata takarda ta amsa laifi a yi mata gargaɗi a wuce wurin. Ta ture takardar. Ta ce a kira ɗalibar, aka kira.

"'Yata, dubi idona," in ji Gwaggo. "Wa ya buɗe kwalbar nan?"

Dakta-gobe ta kalli Farfesa da ke zaune a gefe, ta kalli ƙasa. "Ni dai ban lura ba."

Shi ke nan, aka rufe fayil. Aka rubuta sakaci a gaban sunanta, aka ɗauke ta daga famfon aka mayar da ita sito a ƙasan bene, wurin kwalaye da karyayyun kujeru. Baƙin ciki kamar ya kashe ta. Na Farfesa bai ba ta mamaki ba, ta daɗe da sanin halinsa.

Kwana uku bayan haka ɗalibar ta sauko siton, idonta jajur, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ki yafe mini. Shi zai sa hannu a digirina. Shekara huɗu ke nan, in na yi magana na gama yawo."

Gwaggo ta ci gaba da jera kwalayenta, sai da ta gama layi guda sannan ta juyo.

"Na sani. Allah Ya ba ki digirin, ki yi masa firem ki rataye. Amma daga yau ki daina ce mini Gwaggo, ni ba ni da 'ya a ginin nan. Ja mini ƙofar in kin fita."