Baba Ƙararrawa

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. A gidan yari, Baba Ƙararrawa kowa ke ce masa. Gandiroba ne, kuma aikinsa ɗaya: zama a ƙarshen bencin ɗakin ziyara, jikin ragar ƙarfen da ta raba fursunoni da 'yan'uwansu, da 'yar ƙararrawar tagulla a hannu.

Tsarin mulki ya ba fursuna 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma Baba bai taɓa musun haka ba. "Mu ba ma hana kowa magana," yakan ce. "Ƙararrawa kawai muke kaɗawa." A yi hirar ƙwallo, a yi ta haihuwar akuya, babu laifi. Amma da zarar an ambaci abinci, ko duka, ko kuɗin cizo, sai ka ji ƙililin! Ziyara ta ƙare.

Ko a gida ba ya tashi daga aiki. Uwargida na fara ƙorafin rufi na yoyo, zai buga cokali a jikin kofi. 'Ya'yansa sun iya "lafiya lau" tun kafin su iya tafiya.

Bayan ya yi ritaya aka kama autansa, direban tasi, aka tsare shi a wannan gidan yarin yana jiran shari'a. Ranar ziyara Baba ya zauna cikin masu ziyara, abin da bai taɓa yi ba. Aka fito da Auta, ido a kumbure, hannu naɗe da tsumma.

"Auta, wa ya yi maka haka?"

"Lafiya lau, Baba."

"Lafiyar gidanku! Faɗa mini, in san ƙofar da zan buga kafin su ƙarasa ka."

Auta ya saci kallon ƙarshen benci. Sabon gandiroba ne a wurin, wanda Baba ya horar da hannunsa. Auta ya sunkuyo, ya rage murya.

"Shekaranjiya ne, wani mai..."

Ƙililin!

Baba ya miƙe zumbur. "Kai! Ɗana ne fa! Doka ta ba shi damar magana!"

"Wa ya hana shi, maigida?" in ji gandiroban cikin ladabi. "Ƙararrawa kawai na kaɗa."

Aka ja Auta ciki. Duk da takaici, Baba ya lura an kaɗa ta daidai kan gaɓa.

Uwargida na tsaye a ƙofar gida tana jira, don labarin dukan ya riga Baba isowa.

"Malam, wa ya taɓa min ɗa? Me ya ce?"

Baba ya daɗe yana cire takalmi.

"Ya ce lafiya lau."